Shirun da Na Yi a Kan Dutse

Labarin ƙafar yayanku kun sha jin sa, kuma duk wanda ya ba ku shi sai ya wanke ni a ciki. Ana cewa ya faɗi a wani dutse a ƙasar Sin, mutum ashirin da wani abu suna tafiyar tare babu wanda ya lura, sai uwarsa ce ta ji a jikinta, ta tayar da hankalin jama'a aka koma aka tsamo shi. Hajiya Rabi, Allah ya jiƙanta, ita ta fara baza shi haka a kasuwa, ni kuwa na ƙyale ta don yabon ya yi mini daɗi. Yanzu gwiwa ta ƙi, shago na bar muku, ba ni da sauran abin da zan yi da yabon. Zan faɗa muku yadda aka yi, wanda ya ga zai rage ganin girmana bayan ya karanta, ya rage.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san irin uwar da yayanku ya samu ba. Ku na goya ku, na zage ku, na ƙwala muku kira tun daga tsakar gida har maƙwabta suna ji. Shi ɗan fari ne, a gidanmu kuwa ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ana yaye shi Inna, mahaifiyata, ta zo ta ɗauke shi, ko zaure ban raka su ba don kada a ce na damu. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, ko ni kaɗai a ɗaka. In dole ta kama sai in ce na Inna, ko in ce wancan. Kuma kada ku ɗora wa kakarku laifi, ba ta tilasta mini ba. Ni na ɗauki abin da zafi har na fi waɗanda suka koya mini, saboda ana yabona da shi. Mata su taru a gidan biki su ce ku dubi Binta, ɗanta ya faɗi a gabanta ya fasa leɓe ko ido ba ta ɗaga ba, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Babanku ne kaɗai yake mini tsiya a kai.

"Wai ke Binta, ranar da gobara ta kama ɗakin da yake ciki, wa za ki ce a fito da shi? Wancan?"

Na ce masa Allah ya kiyaye, shi dai bakinsa ba ya faɗin alheri.

Sanda yayanku ya sami karatun injiniya a Guangzhou, ni na riga na daɗe ina zuwa garin sarin jakunkunan mata. Nakan sauka a wani masauki kusa da manyan shagunan tufafi na Guangyuan, da safe mu ɗauki mota zuwa Shiling inda ake ɗinka jakunkunan. Abokiyar tafiyata ita ce Hajiya Rabin nan, 'yar Damagaram, mace mai jiki da baki, ɗaki ɗaya muke kamawa. Sinancina bai wuce nihao da laoban da meyo ba, wato sannu da maigida da babu, sauran da hannu ake yi. Da yayanku ya iya yarensu, duk ranar da ba shi da aji sai ya taso daga Tianhe, unguwar makarantarsu, ya bi mu ya yi mana tafinta. Ku ƙiyasta yadda abin yake. Yana tsaye a gefena, kafaɗarsa ta kusa taɓa tawa, ni kuma sai in juya wajen Rabi.

"Rabi, a gaya wa laoban zif ɗin nan ba shi da ƙwari, a canza shi."

Shi kuma ya gaya wa laoban. In na zo masa da kilishi da yaji daga gida, Rabi nake miƙa wa in ce a ba masu karatu. Wata rana ta gaji ta ce ita fa ba 'yar aike ba ce, ga ɗa ga uwa, wace irin wahala ce wannan. Shi dai murmushi yake yi. Hajiya yake ce mini, ya san yadda zai tsinci umarnina daga iska ya aikata ba tare da na dube shi ba. A lokacin ina ganin wannan ita ce tarbiyya.

A shekarar da abin ya faru na yi kuskuren lissafin lokaci, na iso daidai hutunsu na farkon kaka, sanda kamfanoni suke rufewa mako guda. Kayanmu suna Shiling ba a gama ba, duk wanda ka buga wa waya sai ya ce meyo, sai bayan hutu. Zafin garin nan mai danƙo ya sassauta, iska ta fara daɗi, mu kuma muna ɗaki muna kallon bango. A nan ne Alhaji Sani, Bakanon da yake loda mana kaya a kwantena, wanda ya daɗe a garin kuma ya san gidanmu tun muna yara, ya haɗu da ɗalibai suka shirya fita hawan dutse, a tafi da safe a dawo da yamma. Da Rabi ta zo mini da zancen na ce mata ni ba akuya ba ce. Ina tsoron bisa tun ina yarinya, ko benen kasuwa ba na leƙa ƙasa. Ta ce ai ɗan naki ma yana ciki, shi aka ɗora wa tattara na baya. Sai na ce to, zaman ɗakin ma ya ishe ni. Gaskiyar magana ba zaman ɗaki ne ya ishe ni ba. Na ga zan sami yini guda cur ina ganinsa babu mai cewa kallonsa nake yi.

Muka fita bayan asuba a wata bas, muka yi wajen awa biyu muna yin arewa har dogayen benaye suka ƙare, gonaki da tsaunuka suka fara. Ina sanye da atamfa da hijabi da takalmin kambas da ya saya ya ba Rabi ta ba ni. A cikin motar Alhaji Sani ya juyo yana zolayar 'yan matan da ke karatu.

"Ku koyi kunya wajen Hajiya Binta. Ga ɗanta nan a bayanta, tun da muka taso kun ga ta waiwaya? Irin matan da ke nan, sun ƙare."

Aka yi dariya, na sunkuyar da kai, raina fari tas. Ku riƙe wannan, domin da wannan yabon a kunnena na hau dutsen.

Matakala ce ta dutse, ba ta da iyaka, gora ta rufe ta dama da hagu. Tsofaffin Sinawa suna wuce mu da 'yan rediyonsu a rataye, wata tsohuwa da ta girmi Inna ta wuce ni tana ɗaga mini babban yatsa. Samari suka yi gaba, Rabi ta bi 'yan mata tana haki tana ba su labari, ni na zama ta ƙarshe, yayanku yana bayana da taku biyu. Ba mu ce wa juna komai ba. In na tsaya sai in ji shi ma ya tsaya, in na ci gaba ya ci gaba. Wajen ƙarfe sha ɗaya muka iso wani idon ruwa da ke fitowa daga jikin dutse, yana gangarawa wani kwazazzabo mai zurfi a gefen hanya. Alhaji Sani ya ce kowa ya yi alwala a nan, a sama babu ruwa. Ina da wata 'yar jaka da nake ratayawa a wuya a ƙarƙashin hijabi, fasfona yana ciki, don a garin nan baƙar fata ba ya fita babu fasfo, ko ina ana iya tare ka a tambaya. Na cire ta na rataye a kututturen gora don kada ta jiƙe, na yi alwala, ruwan sanyi kamar na randa, muka wuce.

Gaba kaɗan akwai wani wuri da har yau nake mafarkinsa. Hanyar ta tsuke ta zama faɗin tabarma, dutse a hagu, a dama babu komai sai sarari, an kafa sarƙa a jikin dutsen ana riƙewa. Na kama sarƙar da hannu biyu na juya fuskata ga dutse, ina jan ƙafa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Yayanku ya matso ya tsaya tsakanina da sararin, bai taɓa ni ba, yana tafiya a gicciye daidai takuna har muka fita. Da muka isa wata rumfar hutawa a gaba na zauna, na kai hannu ƙirjina don in lallashi zuciyata, sai na ji babu jaka. Na tuna a kututturen gora na baro ta. Mutane sun riga sun fara miƙewa, Rabi tana can gaba. Shi kaɗai ne kusa da ni, yana ɗaure igiyar takalminsa. Na dubi gora na yi magana ƙasa-ƙasa.

"An bar jaka a wajen ruwan nan. Fasfo yana ciki."

"To, Hajiya. Ku ci gaba, zan tarar da ku."

Shi ke nan abin da aka faɗa. Ban ce ya gaya wa Alhaji Sani ba, ban ce ya tafi da wani ba, ban ce ya kula da santsi ba. Ban ma juya na ga tafiyarsa ba, ƙarar takunsa kawai na ji tana nisa. Babu wanda ya ji mu, kuma da yake shi ne mai tattara na baya, babu wanda aka ɗora wa tattara shi.

Daga rumfar zuwa ruwan bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba ga mai ƙafa irin tasa. Na yi lissafi, zuwa da dawowa rabin awa, kafin in ja jiki in kai sama ya cim mini. Na riƙa hawa ina kasa kunne. Duk takun da na ji a baya sai in rage sauri, sai in ga Basine ne ya wuce. Rabin awa ta cika, ban ga kowa ba. Na ce ƙila wani ya tsinci jakar ya yi ƙasa da ita, ya bi shi. Na ce ƙila ya tsaya hutawa. Har na kai ƙololuwa ina ƙirƙiro masa dalilai. A sama akwai fili da 'yar hasumiya, ana hango tsaunuka jere har inda ido ya ƙare, yara suna ta ɗaukar hoto suna kiran Hajiya zo ki gani. Ban ga komai ba. Na sami dutse mai fuskantar bakin matakala na zauna a kai. Na zaro waya a cikin hijabi na nemo lambarsa, wadda na ajiye da sunan na Inna kuma ban taɓa kiranta da kaina ba, na danna. Babu sabis. Na sake dannawa har yatsana ya yi zafi.

Aka shimfiɗa leda aka yi azahar, ni da mata a baya. Wallahi ban san raka'a nawa na yi ba. Aka buɗe kuloli, ga dafa-duka, ga dambun nama, Rabi ta zuba mini ta tura gabana. Ina zaune da cokali a hannu wani ɗalibi ya ɗaga kai.

"Wai ina Nasir ne?"

Wani ya amsa da abinci a bakinsa. "Yana baya. Ka san shi da tsayawa ɗaukar hoton ganye."

Aka yi dariya aka ci gaba da ci. Ina nan zaune, tsakanina da mai maganar bai fi taku uku ba, kuma ni kaɗai a kan dutsen nan na san ba hoto ya tsaya ɗauka ba. Maganar tana bakina, na jera ta tsaf. Amma in na faɗe ta, dole in ce na yi magana da shi, na aike shi, ina ƙirga mintocinsa, hankalina ya tashi a kansa. Ga Alhaji Sani, ga 'yan matan da aka ce su koya a wajena. Na hango su suna haɗa ido suna murmushi, ashe Hajiya ma tana cigiyar ɗanta. Na hango shi kuma ya ɓullo daga matakala lafiya lau da jakar a hannu bayan na gama tara masa jama'a. Ku ji abin da na auna da ran ɗana. Tsoro biyu ne suka kama ni a lokaci guda, na kada wani abu ya same shi da na kada a yi mini dariya, kuma na biyun ne ya riƙe mini harshe. Abin da na iya kawai shi ne na kewaya.

"Alhaji, an cika kuwa?"

"An cika, Hajiya, in ban da masu jan ƙafa. Ci abincinki."

Sai na shiga yi wa kaina wa'adi. Wani tsoho yana shan shayi a gindin hasumiyar, na ce in ya shanye bai zo ba zan yi magana. Ya shanye ya rufe gorarsa ya tafi. Na ce to in inuwar hasumiya ta taɓa ledar sallah. Ta taɓa ta wuce. Shinkafar nan ko ƙwara ban haɗiye ba. Rabi ta tambaye ni ko jiri nake ji, na ce gajiya ce. Ina cikin haka iska ta juya, gajimare ya taso daga kwari ya fara rufe mu, tsaunukan da ake hange suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, sanyi ya shigo. Alhaji Sani ya tafa hannu ya ce a tattara, ba za a koma ta inda aka zo ba saboda wurin sarƙar nan ba ya biyuwa cikin gajimare, akwai hanya mai sauƙi ta ɗaya gefen, can bas take jiranmu. Wani ya ce Nasir fa, aka ce ya san tsarin, ƙila ma ya ga hadari ya juya, in an sami sabis a ƙasa a kira shi. Mutane suka saɓa jakunkuna suka fara bin ɗaya hanyar. Na ga in na bari aka sauka ta can, babu wanda zai sake bi ta gaban ruwan nan sai gobe. Rabi ta zo ta tsaya a kaina.

"Tashi mana Binta, ko sai an ɗauke ki?"

Ban tashi ba. Na ji muryata ta fito, ba ta yi kama da tawa ba.

"Ɗana bai hau ba."

Waɗanda suke kusa suka tsaya. Rabi ta saki baki, don tun da ta san ni ba ta taɓa jin kalmar nan a bakina ba. Alhaji Sani ya dawo ya ce kada in damu, namiji ne, ya san hanya. Nan ne ya kamata in ce ni na aike shi, tun kafin azahar, ga daidai inda ya nufa. Ko a nan ban iya ba. Na ce jikina ne bai ba ni ba, ni dai a koma ta inda aka zo, in ba mai zuwa zan tafi ni kaɗai. Daga nan labarin da kuka sani ya samo asali. Alhaji ya dubi fuskata ya dubi agogo, ya zaɓi samari biyar ya ce su ruga, sauran su sauka da mata. Ni na ƙi bin mata, Rabi ta bi ni tana faɗa. Awa biyu da wani abu ke nan da aika shi.

Wurin sarƙar nan na bi shi a dawowa ban ga ƙafata ba. Gajimare ya cika ko'ina, sarƙar ta jiƙe tana zamewa, a dama fari fat, ban san inda dutse ya ƙare ba. Wannan karon babu kowa tsakanina da sararin. Rabi tana bayana tana salati da kuka, ni kuwa tsoron faɗuwa ya fita daga kaina, wani ya maye gurbinsa, kowane taku sai in ce ko nan ne, ko ta nan ya tafi. Muna jiyo samari can ƙasa suna kiran sunansa, muryoyinsu suna nisa. Da muka iso idon ruwan sun riga sun wuce, don ban gaya musu su tsaya a nan ba, sun leƙa ba su ga kowa ba sun yi gaba. Na je wajen kututturen gorar. Babu jaka. A bakin kwazazzabon, inda ruwa yake gangarawa, gansakukar da ke kan dutse ta kankare doguwa, sabuwar kankara, ƙasan dutsen ya fito baƙi. Na durƙusa na leƙa. Ba a ganin komai sai ganye da fari, ba a jin komai sai ruwa.

Na ce kai. Na ce kai na Inna. Ruwa ya cinye maganar. Rabi ta kira shi sau biyu, muryarta ta shaƙe da kuka ba ta zuwa ko'ina. Ku kun san muryata, da ita nake tsayar da mai ɗaukar kaya daga wancan ƙarshen layi. Na dafa dutse da hannu biyu na cika ƙirjina.

"Nasiru."

Bai fita da kyau ba, harshena bai san hanyarsa ba. Na sake, na sake, har maƙogwarona ya tsage, har na ji sunan yana dawowa daga ɗaya tsaunin. Muka kasa kunne. Can ƙasa, ta ƙarƙashin ƙarar ruwa, sai muka ji ana buga dutse a kan dutse, sau uku, a tsaya, sau uku.

Sauran kun sani. Ɗaya daga cikin samarin ya gangara har inda ya sami sabis, ma'aikatan wurin suka hau da igiyoyi da gadon ɗaukar mara lafiya, ba a fito da shi ba sai da rana ta yi ja. Ashe jakar ce iska ko wani mai wucewa ya ture, ta faɗa kan wani reshe a ƙasa da bakin hanya, ya taka dutsen nan don ya miƙa hannu, santsi ya kwashe shi. Ƙafarsa ta karye ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, ruwan sanyi yana bi ta kansa duk tsawon lokacin. Da aka ɗago shi leɓɓansa sun yi fari, idonsa a rufe, jakata tana rataye a wuyansa. Rabi ta dubi jakar ta dube ni. Ta sa hannu ta cire ta ta cusa cikin tata kafin kowa ya lura, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. A asibiti likitan ya yi ta magana da ɗalibin da ke mana tafinta, yaron yana ta kauce wa idona, sai da na matsa masa ya ce tambaya yake yi me ya sa aka daɗe haka, jini ya jima bai zaga ƙafar ba, da an kawo shi da wuri da gyaran bai yi wuya ba. Aiki uku aka yi masa. Ƙafar ta tsira, amma idon sawun ya sandare, kuma ta gajarce, yadda kuke ganinta.

Na ɗage tafiyata na zauna jinyarsa wata biyu. Kada ku ɗauka daga ranar na zama wata mace daban. Na dafa masa, na wanke masa, na kwana a kujera, amma sunan ya koma inda yake, sai dai na daina bi ta wajen Rabi, ina ce masa kai kai tsaye. Masu zuwa dubiya suna ta cewa uwa daban ce, ina amsa musu da Allah ne ya nufa. Shi kuma bai taɓa cewa ga abin da ya mayar da shi wajen ruwan ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce santsi ne.

Shekaru suka wuce, ya dawo gida, ya yi aure, aka haifa masa 'yarsa ta fari. Ranar suna na shiga ɗaki na tarar da gwaggonnin matarsa suna mata faɗa wai ta cika rungumar jaririya a gaban mutane, ta ajiye ta ta kau da kai, ba ta da kunya ne. Ban san sanda na ɗauki yarinyar na mayar da ita cinyar uwarta ba, na ce ta riƙe 'yarta, ta kira sunanta yanzu ina ji, duk wadda abin bai yi wa ba ga ƙofa nan. Wasunku suna wurin, kun yi ta mamaki wai Umma ce da kanta. Da la'asar, bayan mutane sun ragu, ya same ni a bayan gida ina zaune ni kaɗai, ya ce ya ji an ce na kori baƙi. Na ce ya zauna. Na gaya masa komai, tun daga tambayar da aka yi ana cin abinci har wa'adin shayin tsoho da inuwar hasumiya, na gaya masa awa biyu na yi ina sane, kuma dariya na ji tsoro. Na ce ƙafar nan ba dutse ne ya cinye ta ba, ni ce. Ya juyo ya dube ni.

"Na sani, Hajiya. Ai ina kwance a wurin na yi lissafin. Na ce ke kaɗai kika san na koma, kuma in sai kin buɗe baki kin faɗa a gaban mutane, to babu mai zuwa. Sai na daina jira, na kama kalmar shahada. Ban ji haushinki ba, wallahi. Na san ba za ki iya ba ne."

A hankali ya faɗa, ba fushi ba gori, da nufin ya sauƙaƙa mini. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Muna nan zaune aka kira magariba. Shekara ashirin da shida na yi ina koya wa ɗana kada ya sa rai da ni, kuma ya koya.